Daga Jakada Zuwa Kansila: Tarihin Mai Kai Saƙon Jama'a a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora jinka ya san hikimar wannan magana, domin mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta, sai an taru an kama ta ta kowace kusurwa. Sai dai akwai sauran aiki bayan an ɗaga. Jinkar da aka cicciɓa ba a kai ta bisa bango ba, ƙarshenta a dire ta ƙasa, kowa ya koma gida da ciwon kafaɗa. Haka shawarar jama'a take. Dattawan gari na iya zama a zauren dagaci su cimma matsaya a kan rijiyar da ta rufta ko ajin da iska ta yaye wa rufi, amma in babu wanda zai ɗauki maganar ya kai ta inda ake yanke hukunci a kan kuɗi, zaman ya tashi a banza.

A ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, waɗanda ke arewacin Jihar Kaduna cikin ƙasar Zazzau, akwai mazaɓu talatin, goma a kowace ɗaya, kuma kowace mazaɓa tana da kansila guda. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku sun kai kimanin dubu 480, wato tun a wancan lokaci kowane kansila yana wakiltar kusan mutum dubu 16. A gefe guda kuma ga kwamitocin jama'a birjik: na raya mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti, na kula da makarantun firamare, ƙungiyoyin ci gaban gari, da zaman hakimai da dagatai tare da dattawansu. Babu ɗayansu da ke da iko a kan kasafin kuɗin hukuma. Iyakar abin da suka mallaka shi ne shawara, kuma zaɓaɓɓen wakili ne ake sa ran zai zama tsani tsakaninsu da majalisa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan aiki na kai saƙo tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau. Abin da na fahimta daga tarihin yankin shi ne, sunan mai kai saƙo ya sauya sau da dama, amma alƙiblar da yake fuskanta ba ta taɓa barin wanda ke da ikon naɗa shi, biyansa da tuɓe shi ba.

Zamanin Jakada

A ƙarni na 19, bayan jihadi ya kawo Malam Musa gadon sarautar Zazzau, garuruwan karkara suna ƙarƙashin masu sarauta ne da ke zaune a birnin Zariya. Sarki kan ba Madaki ko Galadima ko wani basarake garuruwa a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, don kada ƙarfin ƙasa ya taru a hannun mutum guda. Basaraken ba ya zama a garuruwan nan. Yana da bara ko bawan da ya amince da shi, wanda ake kira jakada, shi ke zuwa ya isar da umarni, ya tsaya a tara kuɗin ƙasa da zakka, ya yanki rabonsa, ya kai saura birni. Masanin nan M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa kan mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960. Tsarin ya kai har sama, domin ita kanta Zazzau tana da ƙofarta a Sakkwato, wato Waziri, wanda ta hannunsa maganarta ke isa ga Sarkin Musulmi.

A cikin gari kuwa, sarkin gari ba ya zama shi kaɗai. Yana da liman, da sarkin noma, da sarkin pawa, da masu unguwanni, da sauran dattawan da ake jin maganarsu. Waɗannan su ne kwamitin shawara na farko da karkarar Zazzau ta sani, ko da yake babu wanda ya kira su da wannan suna. In fari ya yi ko fara ta cinye amfani, su ne ke roƙon a sassauta haraji, kuma ta bakin jakada roƙon zai bi.

A nan matsalar take. Jakada ba ɗan garin ba ne, kuma mutanen gari ba su da ta cewa a naɗinsa. Cinsa da suturarsa suna hannun ubangidansa, shi kuma ubangidan muƙaminsa yana hannun sarki. Kasancewar sarautar Zazzau tana yawo tsakanin gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, sabon sarki kan tuɓe manyan wanda ya gada ya naɗa nasa, kuma duk basaraken da ya faɗi, da jakadunsa yake faɗuwa. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi a kan aikinsa ba, saurin tara abin da zai tara yake yi. Saboda haka umarni yana saukowa da ƙarfinsa, koke kuwa yana hawa da rauni, in ma ya hau. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hakimi Ya Tare a Gunduma

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi sarki a 1903. Lugga da mutanensa sun ƙi jinin jakadu, suna ganin su ne ke cinye haraji a hanya. Wajen 1907 aka harhaɗa garuruwa maƙwabtan juna aka mai da su gundumomi, aka umarci masu sarauta su bar birni su tare a gundumominsu a matsayin hakimai. Daga baya aka kafa baitulmali, aka yanka musu albashi. Da haka sarƙar mulki ta miƙe: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, sannan Razdan. Ikara da Maƙarfi suna cikin garuruwan da suka zama mazaunin wannan sabon tsari a arewacin lardin.

An kawar da jakada, amma aikinsa bai mutu ba, hakimi ne ya gaje shi. Bambancin shi ne yanzu mai kai saƙon yana kwana cikin mutane, yana jin kukan yaransu, yana ganin halin da gonakinsu ke ciki. Wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Duk da haka, Di'o ne ke rubuta rahoto a kansa, sarki ne ke iya ɗauke shi, kuma ma'aunin ƙwazonsa shi ne cikar haraji da jangali a kan lokaci.

Aikin Anchau misali ne mai kyau na yadda raya karkara ke gudana a wancan zamani. Anchau, wadda a yau ita ce hedikwatar Kubau, ta daɗe cikin ƙasa ɗaya da Ikara. Daga ƙarshen shekarun 1930, saboda ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, ma'aikatan lafiya na Turawa, cikinsu har da Dakta T. A. M. Nash, suka sa aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙananan ƙauyuka aka tsugunar da su a sababbin wurare, aka gina rijiyoyin siminti, aka kuma kafa sabon gari mai faffaɗan tituna da aka raɗa wa suna Takalafiya. Cutar ta ja da baya, kuma jama'a sun amfana. Amma tun daga zanen gari har zuwa ranar tashi, a sama aka tsara komai, hakimi da dagatai suka isar. An yi wa mutane aiki mai kyau ba tare da an kafa wata hanya da za su ce ga abin da suke so ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wancan lokaci ba shi ake tambaya ba.

Zaɓaɓɓu a Kan Tabarmar Shawara

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iska ta fara juyawa. A 1947 Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, Arthur Creech Jones, ya aika wa gwamnoninsu na Afirka takarda yana neman a gina ƙananan hukumomi masu wakilcin jama'a. A watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma a cikin watan ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul, yana kuka da cewa talaka ba shi da bakin magana a cikinsa. An naɗa jami'ai biyu, K. P. Maddocks da D. A. Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto. Abin da ya biyo baya shi ne soke ikon sarki shi kaɗai a 1952, sannan Dokar En'e ta 1954, wadda ta ba da damar kafa majalisun ƙauyuka da na gundumomi masu ɗauke da zaɓaɓɓun wakilai.

Wannan ne karon farko da manomin rake na ƙasar Maƙarfi ko ɗan kasuwar Paki zai iya zama a majalisa saboda mutanensa sun tsayar da shi. Majalisar gunduma tana samun ɗan kaso daga haraji, tana iya gina rijiya, rumfunan kasuwa ko kwalbati. Sai dai a lura da yadda aka jera kujerun. Hakimi ne shugaban majalisar gunduma, dagaci ne shugaban ta ƙauye, kuma duk abin da aka zartar sai En'e ta Zariya ta amince. Wato zaɓaɓɓu su ne masu ba da shawara, basarake kuma shi ne tsanin da zai kai ta gaba. Wakilin da ke son ya yi ƙorafi a kan yadda aka raba haraji, gaban wanda ya raba harajin zai yi shi, kuma shi zai roƙa ya kai ƙorafin birni. In kuwa an san shi da ra'ayin NEPU, ga 'yan doka, ga kotun alƙali, ga gidan yari, duk a hannun En'e suke. Mata kuwa ko ƙuri'a ba su da ita, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kansa.

Duk da wannan takunkumi, majalisun sun koya wa karkara abubuwan da ba ta saba da su ba: ajanda, rubuta abin da aka tattauna, da ƙiyasin kuɗin aiki kafin a fara shi. Yaƙi da Jahilci, wanda cibiyarsa take Zariya, ya samar da mutanen da za su iya karanta waɗannan takardu. A ganina wannan ita ce babbar ribar zamanin, domin shawarar da aka rubuta tana da wuyar musantawa.

Shekarar 1976: An Juya Tabarma

Juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 sun rage wa En'e ƙarfi. An karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannunta. Amma babban sauyi ya zo ne a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, da Shehu Musa 'Yar'aduwa a matsayin na biyu, ta fito da tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. An kafa guda 301, Jihar Kaduna ta lokacin, wadda ta haɗa da Katsina, ta sami 14. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ikara, wadda ta ƙunshi ƙasar da a yau ta zama Ikara, Kubau, Maƙarfi da Kudan. An yi zaɓe a watan Disamba na shekarar, kuma a wannan karo ne matan Arewa suka fara samun 'yancin jefa ƙuri'a.

Tsarin ya juya tabarmar 1954 gaba ɗaya. Majalisar zaɓaɓɓu ta zama mai iko, majalisar sarki ta koma mai ba da shawara. Shekara guda ke nan da hawan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, don haka kusan dukkan zamaninsa a ƙarƙashin wannan sabon matsayi ya yi shi. An tanadi cewa wakilan ƙananan hukumomi za su riƙa zama a majalisar masarauta, sannan a cikin ƙaramar hukuma an ba wasu kansiloli gafaka, wannan na lafiya, wancan na ayyuka, wani na ilimi, kowa yana jagorantar kwamitin sashensa. A karon farko a tarihin yankin, mai kai saƙo ya zama mutumin da jama'a suka ɗora, kuma suke iya saukewa.

Abubuwa biyu suka hana wannan iri ya yi yabanya. Na farko shi ne faɗin ƙasa. Mutumin Likoro ko Hunƙuyi, wanda Zariya ke kusa da shi, sai ya nausa gabas zuwa Ikara kafin ya ga ofishin hukumarsa, kuma kansilan da ke wakiltar ƙauyuka barkatai ba zai iya halartar zaman kowannensu ba. Na biyu shi ne gajeren rai. Da Jamhuriya ta Biyu ta kama aiki a 1979, duk da cewa tsarin mulkin shekarar ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisu, ba a sake yin zaɓen ƙananan hukumomi ba har aka kifar da ita a ƙarshen 1983. Gwamnoni ne suka riƙa naɗa kwamitocin riƙo. A Kaduna, takun saƙa tsakanin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP da majalisar da NPN ta mamaye ya ƙare da tsige shi a watan Yuni na 1981. Da sojoji suka dawo, sai kantomomi.

Akwai wani sauyi na wannan zamani da ya shafi alƙiblar wakili. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, kuma talakawa sun yi murna, domin sun daɗe suna shan uƙuba a kansu. Amma daga lokacin dogaron ƙaramar hukuma ga kason tarayya ya yi ta ƙaruwa. Kason ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992. A da, kuɗi daga ƙauye suke hawa, don haka ko azzalumin mai mulki yana da dalilin sanin halin da damina take ciki. Yanzu daga sama suke saukowa, kuma ido yakan bi inda abinci ke fitowa.

Hukuma Ta Matso, Kwamitoci Sun Yawaita

Matsalar nisa ta samu sauƙi a hankali. An cire Maƙarfi daga Ikara a 1991. A 1996 aka cire Kudan daga Maƙarfi, da hedikwata a Hunƙuyi, aka kuma cire Kubau daga Ikara, Jihar Kaduna ta cika ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Kansilan Gimi, ko na Gubuchi, ko na Kurmin Kogi, yanzu ɗan gari ne da kowa ya san gidan ubansa, ana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza.

A daidai wannan lokaci ne kwamitocin jama'a suka yawaita. Bayan taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko bisa sa hannun al'umma, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya sa aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka da na gundumomi. Hukumar raya karkara da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 ta ƙarfafa ƙungiyoyin ci gaban gari. A farkon shekarun 2000 hukumar lafiya matakin farko ta tarayya ta mai da mazaɓar kansila ta zama ma'aunin tsara aikin lafiya, aka kafa kwamitocin raya mazaɓa, waɗanda suka haɗa malamin asibiti, hedimasta, malaman addini, wakilan mata da na matasa, da basarake a matsayin uba. A tsakiyar shekarun 2000 kuma Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar firamare ta sami kwamitin kula da ita, kuma Kaduna na cikin jihohi shida da shirin tallafin ilimi na Birtaniya mai suna ESSPIN ya yi aiki da su a kan haka daga 2008.

Idan aka dubi taswirar kawai, sai a ce an gama. Iyakar kwamitin lafiya ita ce iyakar mazaɓar kansila, mutanen da ke zama a kwamitin su ne masu zaɓensa. Ba a taɓa samun lokacin da tsani da bango suka yi kusa haka ba.

Abin da Ya Raunana Tsanin

Dalili na farko ya samo asali ne daga gyaran 1991, wanda ya shigo da tsarin shugaba mai cikakken iko cikin ƙananan hukumomi. Aka raba majalisar kansiloli da ɓangaren zartarwa, gafaka ta koma hannun waɗanda shugaba ya naɗa. Zaɓaɓɓen kansila ya zama mai yin doka da amincewa da kasafi, ba shi da sashen da zai ba umarni. Wannan ba aibu ba ne in majalisa na da ƙarfin tsare kasafi har sai an sa buƙatun mazaɓu, amma hakan na buƙatar kuɗin su kasance a hannun ƙaramar hukumar.

Nan dalili na biyu ya shigo. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa kason ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Bugu da ƙari, ayyukan da kwamitoci ke ba da shawara a kansu sun bar hannun majalisa. Makarantun firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ƙananan asibitoci kuma an tattara su ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kuɗin asusun lafiya da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada suna shiga asusun asibiti ne kai tsaye, inda shugaban kwamitin mazaɓa ke sa hannu tare da shugaban asibitin. Wannan ya ba kwamiti daraja, amma ya bar kansila a gefe. Ko da kwamitin makaranta a Saulawa ko Zabi ya ba shi saƙo cewa malamai sun yi kaɗan, majalisar da zai kai wa saƙon ba ita ke ɗaukar malamai ba.

Dalili na uku shi ne yankewar zaɓe. Wa'adin waɗanda aka zaɓa a Disamba 1998 ya ƙare a 2002, aka zauna da kwamitocin riƙo har 2004. Bayan majalisun da aka zaɓa a Disamba 2012 sun sauka, naɗaɗɗu ne suka riƙe ƙananan hukumomin Kaduna har zuwa Mayu 2018, lokacin da jihar ta zama ta farko a Nijeriya da ta yi zaɓe da na'ura. An sake yi a Satumba 2021. A zaɓen Oktoba 2024 hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana jam'iyya mai mulki a matsayin wadda ta lashe dukkan kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255, 'yan hamayya suka ƙi amincewa. Ba jam'iyya ɗaya ce ke da wannan hali ba, kusan kowace jiha haka abin yake ko wace jam'iyya ke mulki. Illarsa ita ce, inda samun tikiti ya fi samun ƙuri'a muhimmanci, ɗan takara ya san wanda zai yi wa godiya. Jakada ya dawo ke nan, sanye da rigar zaɓe.

Yaƙi da cutar shan inna ya gwada waɗannan tsanuka duka. Bayan jita-jitar 2003 ta sa iyaye da yawa a Arewa sun ƙi riga-kafi, sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi, aka bi ta hakimai, dagatai da masu unguwanni gida-gida, kafin a kai ga shelar kawar da cutar daga Afirka a watan Agusta na 2020. Da gwamnati ta buƙaci wanda za a buɗe wa ƙofar gida, tsohuwar sarƙa ta nema. Dalilin a bayyane yake: mai unguwa yana nan bara, yana nan bana, kansila kuwa yau akwai shi, gobe an rushe majalisa. Ita ma sarautar ba ta tsira daga hannun gwamnati ba. An ƙara yawan gundumomi a zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, ɗan wannan yanki da ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, sannan a 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rage su daga 390 zuwa 77.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Jakada ya fuskanci ubangidansa, hakimi ya fuskanci sarki da Di'o, wakilin 1954 ya yi magana ta bakin wanda yake ƙara, kansilan 1976 bai daɗe ba, na yau kuma yana kusa da jama'a amma hannunsa bai kai ga tukunya ba. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kwamitocin riƙo. Aiwatarwa ta zo da jan ƙafa, amma in hukuncin ya tabbata, kuɗi za su sauka Ikara, Maƙarfi da Hunƙuyi. Tambayar da za ta rage ita ce maganar wa za a ji wajen kashe su.

Daga abin da ya gabata, ina ganin aikin kansila a matsayin tsani yana buƙatar sharuɗɗa da za a rubuta cikin dokar ƙananan hukumomi ta jiha, kada a bar su ga halin mutum. A wajabta masa halartar zaman kwamitocin mazaɓarsa a matsayin mai saurare, ba shugaba ba, domin darasin 1954 ya nuna cewa wanda ake kai wa kuka bai kamata ya zama mai raba bakin magana ba. A rubuta abin da aka cimma, ya karanta shi a zauren majalisa, ya shiga kundin zamanta. Inda al'amarin ya shafi hukumar jiha, majalisa ta aika da shi a rubuce da sunanta, don kada saƙo ya maƙale a hanya. Sannan ya koma wa kwamiti da amsa kafin a rufe kasafin shekara, ko da amsar ita ce babu kuɗi. Jihar Kaduna ta riga ta fara tattara buƙatun al'ummomi a rubuce kafin tsara kasafi, don haka ba baƙon abu ake nema ba.

Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne zaɓe na gaskiya a kan lokaci, domin shi kaɗai ke juyo da fuskar wakili zuwa ga mutanensa. Manoman tumatir na Ikara, da masu rake na Maƙarfi, da masu inabi na Kudan, sun san hanyar da ke hana mota shiga gona da damina, sun san asibitin da babu ungozoma da dare. Ba su taɓa rasa abin faɗa ba tun zamanin jakadu. Abin da suka daɗe suna nema shi ne ɗan aiken da zai ji tsoron dawowa hannu rabbana, kuma ba zai ji wannan tsoro ba sai ranar da ya tabbata su ne za su iya sauke shi.